Lafiya uwar jiki: ƙwayoyin cuta da hanyoyin nono

In mace ta ga kan nononta yana tsiyayar ruwa, ko ta ji kumburi da zafi a gindinsa, sau da yawa tsoron ciwon daji ke sa ta yi shiru. Mai gida kuwa, in ya samu labari, sai ya aiki yaro wajen ƴan tallar magani. Alhali mafi yawan cututtukan hanyoyin nono ba daji ba ne, kuma ba dukansu ne bakteriya ke haddasawa ba.

Hanyoyin nan sirara ne, wajen goma, su ke kai ruwan nono zuwa kai. Ga mai shayarwa, ruwan ne ke fara kwanciya cikinsu, sannan ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune bisa fata da cikin hanci, ta shiga ta tsagewar kan nono. Amoxicilline ta kasuwa ba ta cika kashe ta ba, domin ƙwayar tana fitar da wani sinadari mai karya maganin. Raba jinjiri da nonon, wai ya ɓaci, ƙara ciwon yake yi. Tun 2000 hukumar OMS ta rubuta cewa a ci gaba da shayarwa.

Akwai kuma ciwon matan da ba su shayarwa. Ƙurji ne ke fitowa gefen baƙin da ya kewaye kan nono, ya fashe, ya rufe, ya sake dawowa, har ya bar ƙofa mai tsiyayar mugunya. Likita Zuska na Amurka ya bayyana shi a 1951. A 1996 likitocin Edimbura suka gano cewa kusan tara cikin goma na masu wannan ciwo mashaya taba ne: hayaƙi ke lalata bangon hanyar, sannan ƙwayoyin da ke rayuwa inda babu iska su samu wurin zama. Shi ya sa likita kan haɗa da Flagyl. Ƴan matan da suka ɗauki shisha abin gayu, su ji da kyau.

Ga macen da ta kusa daina haila, hanyoyin kan buɗe su gajarce, ruwa mai kauri, kore ko ruwan ƙasa, ya riƙa fita. Wannan aikin shekaru ne, bakteriya ba su da babban hannu ciki, sayen antibiyotik asarar kuɗi ce.

Sai dai wani irin daji yakan zo da ja da zafi kamar ƙurji. Saboda haka kumburin da bai sauka ba bayan mako ɗaya ko biyu ana magani, da jinin da ke fita ta nono guda, na gidan likita ne. Can za a yi ekografi, in ta kama a ɗebi tsoka a duba, ko a tura mace maternite Issaka Gazobi a Yamai.