Natsuwa Ba Hajar Kanti Ba Ce

Tun da Boko Haram ta mamaye Mubi a Oktoban 2014, zukatan jama'a da dama ba su koma mazauninsu ba. Sai ga wasu masana suna tallata mana darussan natsuwa daga Amurka, wai mu runtse ido mu ƙirga numfashi. To, a wace inuwa? Kakanninmu sun yi tafakkuri a gindin tsamiya da bakin kogin Yedzaram, suna duban duwatsun Mandara. Mu kuwa mun sare itatuwan mun yi gawayi, mun mai da gaɓar kogin juji. Wanda ya sare bishiyar ƙofar gidansa, kada ya zargi rana. Mu dasa itace tukuna, sa'an nan a kawo mana zancen kwanciyar hankali.