Wanda Bai Taɓa Riƙe Maneti Ba Kada Ya Yanke wa Ƙwallon Na'ura Hukunci

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manya, har da malaman jami'a waɗanda ya kamata su fi kowa taka-tsantsan wajen yanke hukunci. Wai wasan ƙwallo na na'ura aikin ragwaye ne: yaro ya zauna yana danne-danne, na'ura tana buga masa. Ina ƙalubalantar wannan magana a gabanku, ɗaliban Hausa, domin ku ne aka koya wa cewa ba a siffanta abu sai an tsaya an lura da shi. Akasarin masu wannan suka ba su taɓa riƙe abin sarrafa wasan ba, wanda matasan Maradi da Damagaram suke kira maneti.

Wasan nan ya girmi yawancinku. Kamfanin EA na Amurka ya fitar da FIFA na farko a 1993, ya riƙe sunan har zuwa 2023 lokacin da ya koma EA Sports FC. Kamfanin Konami na Japan kuwa shi ne mai PES, wanda ya zama eFootball a 2021. Fiye da shekara 30 ke nan ana ƙara masa wuya da gangan, saboda masu yin sa sun gane cewa wasan da ake cinyewa cikin sauƙi ba ya daɗewa a hannun mutane.

To ina wuyar take? A fili na gaske kowane ɗan wasa yana ɗauke da nauyin ƙafafunsa biyu. A na'ura mutum ɗaya ne yake ɗauke da ƴan wasa 11, amma guda ɗaya tak yake iya sarrafawa a kowane lokaci. Dole ya san lokacin da zai saki wannan ya kama wancan. Idan ya yi gaggawar janyo ɗan baya daga gurbinsa don ya tari mai ƙwallo, ya bar ƙofa a buɗe, abokin karawarsa kuwa wannan ƙofar yake jira tun ɗazu. Babban yatsan hagu yana tuƙa ɗan wasa, na dama yana zaɓen irin bugun da za a yi, ƴan manuniya suna kan maɓallan gudu da na sauya mutum, ido ɗaya yana kan ƙwallo, ɗayan yana kan ƴar taswirar da ke ƙasan allo don ganin wanda ya tsere ba a tsare shi ba. Ƙarfin bugu ma a tsawon danni yake: ka ɗan zarce, ƙwallo ta haye saman raga; ka gaza, ta gangara hannun gola. Duk wannan a wasan minti 90 da aka matse cikin kimanin minti 12. Wanda ya saba da FIFA, inda maɓalli mai da'ira yake buga wa raga, idan ya koma PES sai ya tarar maɓallin nan ƙwallo yake ɗagawa zuwa tsakiya, ya sha dariya kafin yatsunsa su karɓi sabon karatu. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, dattijon da yake kiran wannan shashanci shi ne zai wuni a gindin bedi yana dara, kuma ba na ganin laifinsa. Dara gurbi 30 ce, kowa da ƴaƴansa 12, hikimarta kuwa ita ce ka karanci zuciyar abokin wasanka, ka ɗana masa tarko tun yana ganin kamar shi ke da rinjaye. Yaron da ya yi sau uku yana kai hari ta gefen dama don a saba da shi, a na huɗu ya yanke ya tsaga ta tsakiya, wannan hikimar yake aiki da ita. An dai sauya kara da tsakuwa da allon talabijin.

Daɗin kuma daga wuyar yake fitowa. Ƙwallon da aka zura bayan an sha kashi sau biyar a hannun mutum guda tana da wani zaƙi da mai kallo ba zai taɓa sani ba. A ɗakunan wasa na unguwa, inda ake biyan ƴan daloli a buga, ƙa'idar da aka fi sani ita ce wanda aka ci ya tashi, wanda ya ci ya zauna. A nan ɗan tajiri da ɗan mai tura baro maneti iri ɗaya suke riƙewa, kuma ba a gadon kujera. A 2018 wani matashi ɗan Saudiyya, Mosaad Aldossary, ya ci gasar duniya ta wannan wasa a Landan, ya tafi da dala 250,000 ta Amurka. Ba a ba rago irin wannan kuɗi.

Ba na musun cewa akwai ɓarna. Akwai yaran da suke gudun makaranta, akwai masu sa kuɗi a kan wasa har ya zama caca, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 cewa kamuwa da wasan na'ura har ya hana mutum harkokinsa cuta ce. Kamfanonin ma ba su da tsarki: suna sayar da ƙunshin ƴan wasa a rufe, mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya biya, abin da hukumomin Beljiyam suka ɗauka a matsayin caca tun 2018. Wanda yake son yaƙi ga fagen yaƙi nan. Amma a ce wasan kansa ba ya buƙatar basira, wannan jahiltar abu ce kawai aka yi mata ado da rawani.

Ku kuma da kuke nazarin harshe, raini irin wannan asara yake jawo muku. Masu sharhin da ke cikin na'urar suna magana da Ingilishi da Faransanci, Larabci ma ya shiga FIFA tun 2011, Hausa kuwa ba ta ciki. Duk da haka ɗakin wasa cike yake da sharhin Hausa, daga bakin yaran da ke tsaye a bayan masu bugawa. Ku saurari yadda "yanka" ta bar mahauta ta koma kan ɗan baya da aka wuce, yadda "ci" take ɗaukar ƙwallo da wasa da mutum duka a jimla ɗaya, yadda ɗan Kano yake cewa ƙwallo ɗan Tawa yana cewa balo, kowanne kuma ya nasa fi'ilin Hausa a kan kalmar aro ba tare da ya nemi izinin wani kwamiti ba. Muna aika ɗalibai ƙauye su naɗo kirarin ƴan kokawa, kuma daidai ne. Ɗakin wasan da ke bayan jami'a ko kuɗin mota ba ya buƙata. Mai neman batun kundin digirinsa ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ranar Asabar da la'asar, ya zauna kusa da benci na masu jiran layi, domin a can maganar ta fi yawa.