SHARHI: Jadawalin Albashi a Masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai: Ina Kuɗin Da Aka Cire Suke Zuwa?

Tun daga ranar 1 ga watan Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta ƙasa ta fara aiki, wadda tana ɗaya daga cikin dokoki huɗu da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya rattaba wa hannu a ranar 26 ga watan Yunin 2025. An tafka muhawara a kanta a gidajen rediyo da majalisun hira, to amma inda dokar take taɓa talaka kai tsaye shi ne teburin akantan kamfani a ƙarshen wata, lokacin da yake shirya jadawalin albashin ma'aikata. A nan Jihar Kano kuwa, idan aka cire ma'aikatun gwamnati, da wuya a sami inda ake shirya irin wannan jadawali da yawa kamar rukunonin masana'antunmu guda uku: Bompai, wadda ta fi daɗewa, tun kafin samun 'yancin kai, sai Sharaɗa da Challawa da suka biyo baya.

Wannan batu bai tsaya ga mutanen birni kaɗai ba. Duk wanda ya tsaya a bakin titin Panshekara ko titin Haɗejia da sassafe zai ga ayarin masu kekuna da babura suna nufar kamfanonin fata da robobi da shinkafa da man girki. Da yawansu daga Kumbotso da Madobi da Kura da Dawakin Kudu da Ungogo da Gezawa suke fitowa, wasu kuma 'yan ci-rani ne da suka shigo bayan an kawar da amfanin gona. Albashinsu shi ne kuɗin taki da kuɗin makaranta da cefanen gidaje masu yawa a karkara. Saboda haka muka ga ya dace mu fayyace abin da doka ta ce a cire daga albashi, da abin da ta ɗora wa kamfani, da kuma inda kowane kwabo ya kamata ya nufa.

Abin da ake cirewa daga albashin ma'aikaci

Na farko shi ne harajin albashi, wanda aka fi sani da PAYE. Kamfani ne yake cire shi kafin albashi ya shiga hannun ma'aikaci, sannan ya miƙa shi ga hukumar haraji ta jihar da ma'aikacin yake zaune, wato Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Kano, KIRS, ga mazauna wannan jiha, kafin ranar 10 ga watan da ya biyo baya ta wuce. Haka kuma kowace shekara, zuwa ranar 31 ga Janairu, wajibi ne kamfani ya gabatar da cikakken bayanin abin da ya biya kowane ma'aikaci da abin da ya cire masa a shekarar da ta gabata.

A ƙarƙashin sabuwar dokar, Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana karɓar kashi 15 cikin 100, miliyan 9 da ke biye kashi 18, a haka ake hawa har zuwa kashi 25 a kan abin da ya haura Naira miliyan 50. An soke tsohon rangwamen bai-ɗaya da aka saba da shi tun gyaran dokar na 2011, aka maye gurbinsa da rangwamen kuɗin haya: kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da ma'aikaci yake biya a shekara, amma kada ya wuce Naira 500,000. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na ƙasa kuwa, wato Naira 70,000 a wata tun watan Yulin 2024, ba a cire masa harajin albashi ko kaɗan.

Na biyu shi ne kuɗin fansho. Dokar fansho ta 2004 ta fara da kashi 7.5 daga ma'aikaci, kashi 7.5 daga mai aiki. Dokar 2014 ta ɗaga shi zuwa aƙalla kashi 8 daga ma'aikaci da kashi 10 daga kamfani, ana lissafawa a kan tushen albashi haɗe da alawus na gida da na sufuri. Kuɗin suna shiga asusu mai ɗauke da sunan ma'aikacin da lambarsa, kuma doka ta ba kamfani kwanakin aiki bakwai kacal bayan biyan albashi ya tura su. Wanda ya jinkirta, akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 na abin da ya riƙe ba a kowane wata.

Na uku shi ne asusun gidaje na ƙasa, kashi 2.5 cikin 100, wanda aka kafa a 1992. Nan akwai gyaran da akantoci da dama ba su lura da shi ba: tun 2023 shiga wannan asusu ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu. Ke nan bai halatta a ci gaba da cire shi ga wanda bai amince ba.

Bayan waɗannan, Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta hana mai aiki yanke wa ma'aikaci albashi da sunan tara yadda ya ga dama, ta kuma ƙayyade cewa jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin wannan wata.

Abin da kamfani yake biya daga aljihunsa

Akwai wasu kuɗaɗe da nauyinsu yake wuyan kamfani shi kaɗai. Ban da kashi 10 na fansho, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata ga hukumar NSITF, domin kula da wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki, ko iyalan wanda ya rasu. Dokar ta haramta cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. A wuraren da ake aiki da injin yanka da tukunyar tururi da sinadaran jima, kowa ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Akwai kuma kashi 1 cikin 100 na albashin shekara da ake biya ga asusun horas da ma'aikata, ITF, wanda tun 2023 ya hau kan kamfanin da yake da ma'aikata 25 ko fiye. Sannan akwai inshorar rai ta rukuni, wadda za ta biya magada aƙalla ninki uku na albashin shekara idan ma'aikaci ya rasu yana cikin aiki.

Misali a lissafe

Mu ɗauki mai kula da inji a Sharaɗa da yake karɓar Naira 150,000 a wata, wato Naira 1,800,000 a shekara, mu ƙaddara cewa duka albashin nasa ana lissafa fansho a kansa, kuma yana biyan hayar Naira 300,000 a shekara. Kashi 8 na fansho ya kama Naira 144,000, rangwamen haya kuma Naira 60,000. Idan aka ɗebe su, saura Naira 1,596,000. A fitar da Naira 800,000 da ba ta da haraji, saura Naira 796,000. Kashi 15 na wannan shi ne Naira 119,400 a shekara, wato Naira 9,950 a wata. Abin da zai shiga hannunsa ke nan Naira 128,050, ga kuma Naira 27,000 da za ta shiga asusunsa na fansho duk wata, 12,000 daga gare shi, 15,000 daga kamfani.

A tsohuwar doka harajin wannan bawan Allah ya kai kimanin Naira 11,100 a wata, ke nan ya sami sauƙi. Amma idan bai kai wa akanta rasidin haya ba, harajinsa zai koma Naira 10,700, ya yi asarar Naira 9,000 a shekara saboda takarda guda. Shi kuwa kamfani, wannan ma'aikaci yana tsaya masa a kan Naira 168,000 a wata, ban da kuɗin inshorar rai.

Inda gizo yake saƙar

Duk wannan tsari yana rataye ne a kan abu ɗaya, wato sunan ma'aikaci ya kasance a cikin jadawalin albashi. Wanda ake biya a hannu duk ƙarshen mako ta hanyar ɗan kwangilar da ya kawo shi, ba tare da takarda ba, babu shi a idon hukumar fansho, babu shi a idon NSITF. Ranar da inji ya cinye masa yatsu, ko ƙarfi ya ƙare, sai ya koma ƙauye ya zama nauyi a kan 'yan'uwansa. Alhali Dokar Ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci rubutaccen bayanin sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da fara aiki, a kuma adana bayanan albashinsa na tsawon shekara uku. Ba mu manta da abin da ya faru a watan Yunin 2020 ba, lokacin kullen korona, sa'ad da 'yan sanda suka kuɓutar da ma'aikata fiye da 100 daga wani kamfanin sarrafa shinkafa a Challawa, waɗanda suka ce an hana su fita na tsawon watanni. Irin wannan yana samun gindin zama ne a inda ma'aikaci ba shi da wata takarda da zai kafa hujja da ita.

Matsala ta biyu ta fi wannan ɓoyuwa: a cire kuɗi daga albashi amma a ƙi miƙa su. Takardar albashi ta nuna an cire fansho, asusu kuma wayam. Ma'aikaci ba ya ganewa sai ya kai shekara 50 ya je karɓar haƙƙinsa, ko kuma ya rasa aiki ya cika wata huɗu, ya nemi kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa da doka ta yarje masa. Kuɗin da aka cire daga gumin wani amana ce a hannun kamfani, ba jarin sayen dizal ba ne. Sabuwar dokar gudanar da haraji ta tanadi tarar kashi 40 cikin 100 na harajin da aka ƙi cirewa, wanda kuwa ya cire ya riƙe zai biya kuɗin tare da tara da kuɗin ruwa, kuma yana iya fuskantar shari'a.

Uzurin masu masana'antu

Adalci ne mu faɗi cewa masu masana'antu suna cikin matsi. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 masana'antun Kano suke fama, masaƙu da dama sun rufe. Janye tallafin man fetur a 2023 da faɗuwar darajar Naira sun ƙara tsadar kayan aiki, sannan a watan Afrilun 2024 kuɗin wutar lantarki na rukunin A ya tashi zuwa Naira 225 a kan kowane ma'auni. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, ta daɗe tana kokawa kan yawan haraji da yawan masu karɓarsa, kuma kukan nata abin saurare ne.

Sai dai sabuwar dokar ta rage ƙarfin wani tsohon uzuri, na cewa leburori da kansu ba sa son a rubuta su don gudun haraji. A yau mai ƙaramin albashi ba shi da harajin da zai guda, rubuta sunansa riba ce tsantsa a gare shi. Shi ma kamfani, albashin da ya rubuta yana cikin kuɗaɗen da ake ɗebe masa kafin a lissafa harajin ribarsa, kuma takardun shaidar biyan fansho da NSITF da ITF suna cikin abin da ake nema wajen kwangilar gwamnatin tarayya. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Abin da ya shafi ƙananan hukumomi

Harajin albashi yana cikin manyan ginshiƙan kuɗin shigar jihohi, kuma doka ta tanadi kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar cikin gida na jiha ga ƙananan hukumomi, waɗanda a Kano guda 44 ne. Tunda an sauke wa masu ƙaramin ƙarfi nauyi, abin da za a tara daga gare su zai ragu, don haka ya zama tilas a sami sahihin lissafi a kan manyan ma'aikata da manajoji, 'yan ƙasa da baƙi, haɗe da alawus da gidaje da motocin da ake ba su. Jadawalin da aka rage wa lamba a Bompai, giɓinsa yana iya bayyana a asibitin karkara ko ajin firamare a Gezawa.

Saboda haka muna kira ga ma'aikata da su riƙa neman takardar albashi duk wata suna adanawa, su buɗe asusun fansho da sunan da ya dace da na katin shaidar ɗan ƙasa, su riƙa duba saƙon shigar kuɗi a wayoyinsu, su kai rasidin haya ofishin akanta, kuma idan an ji rauni a sanar da kamfani cikin kwana 14, shi kuma ya sanar da NSITF cikin kwana 7. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da jami'an yaɗa labarai, tare da iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, da su isar da wannan bayani ga matasa kafin su tafi neman aiki. Akantoci da masu kamfanoni kuma su sabunta lissafinsu bisa sabuwar doka, domin idan kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Duk wanda ya ga an cire masa abin da bai gane ba, ofishin KIRS da na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke Kano da kuma ƙungiyarsa ta ƙwadago su ne wuraren da zai kai kokensa.

Allah Ya farfaɗo da masana'antunmu, Ya sanya albarka a cikin gumin ma'aikatanmu, Ya ƙara wa Jihar Kano arziki da zaman lafiya, amin.