Keken gurgu ba na bara kaɗai ba ne

A Tawa aka buɗe kokowar ƙasa ta farko a 1975, har yau kuma ba a koya wa mutumin Adar darajar fili. Amma yaron da shan inna ya naƙasa a Takanamat, wane fili aka keɓe masa? Bakin kasuwa da ƙofar masallaci.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Tun 1993 Nijar ta kafa dokar kare naƙasassu, ta tura ɗan wasanta gasar naƙasassu ta duniya a Atina a 2004, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008. Sai dai takarda ba ta share fili.

Ƙwallon kwando na kan keke, wanda sojojin da yaƙin duniya na biyu ya naƙasa suka soma, bai buƙatar miliyoyi: daɓe mai ƙwari, kwando biyu, kekuna, da mai walda. Matasan da ke tura keke cikin rairayi don Allah, su ne gadon gayya da samariya, kuma su za su riƙe wannan wasa. To amma cin rani na kwashe samarin Adar kowace kaka. Aikin da ya dogara ga sa kai kaɗai zai bi su tasha.

Don haka wajibi ne hukumar gari ta ba da fili, ƴan kasuwa su sayi kekuna, ma'aikata su sa wasan cikin kasafi. Wanda ke ba gurgu sadaka kowace Juma'a zai iya ba shi ƙwallo.