Ƙarfin Masana'antar Alminiyam Ba Ga Injin Matsi Kaɗai Yake Ba

Tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Raya Ƙarafa a 2023, batun farfaɗo da masana'antar narka alminiyam ta Ikot Abasi, a Jihar Akwa Ibom, ya sake tasowa. An tsara ta domin fitar da tan 193,000 a shekara. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999, sa'an nan ta sake tsayawa a 2013. Kadan aka yi nasara, masu cin moriya na farko su ne masana'antun da ke matsa ƙarfen su mai da shi firam na tagogi da ƙofofi. To, amma akwai lissafin da masu tsara irin waɗannan masana'antu sukan manta da shi.

Ga yadda aikin yake. Ana gasa gungumen alminiyam har zafinsa ya kai wajen digiri 450 zuwa 500, sa'an nan inji ya tura shi ta ramin wani faifan ƙarfe, ya fito dogo da siffar da ake so. Daga nan sai ya huce a kan tebur, a miƙar da shi, a yanka da zarto, a jera, a sa a tanda na sa'o'i da dama domin ya yi ƙwari, kana a yi masa fenti a ɗaure. Inda kowane mataki ya cushe, dole injin ya dakata.

Kuskuren shi ne auna komai da tan. Injin yana aiki da nauyi, amma zarto da hannun ma'aikaci suna aiki da yawan sanduna. A ɗauka inji yana fitar da tan ɗaya a awa guda. In kowace mita tana da nauyin kilo ɗaya, mita 1,000 ke nan, watau sanduna wajen 167 masu tsawon mita 6. In kuwa firam ɗin siriri ne mai rubu'in kilo, sandunan sun zama wajen 667. Nauyi bai canja ba, amma aikin ɗauka da jerawa ya ninka sau huɗu. Tanda ma haka ne: wurin da sandunan suka cinye shi ke ƙayyade abin da za ta ɗauka.

Nijeriya ta ga illar rashin daidaita matakai. Masana'antun mulmula ƙarfe na Katsina da Jos da Oshogbo sun dogara ga gumagumai daga Aladja, kuma da waɗannan suka yi ƙaranci, injuna suka kwanta. Can matsalar kafin inji take, nan kuwa bayansa, amma hasarar ɗaya ce.

Saboda haka ya kamata jami'an da ke duba takardun neman rance ko rangwamen kwastan su tambayi sanduna nawa zarto da tanda za su iya ɗauka a awa, a kan firam mafi sirantaka da za a yi. Ba a fafe gora ranar tafiya.