ZARE: Kwashe almajirai lokacin korona, ina aka bar mai unguwa?

1/ Jama'a mu ɗan tuna baya. In aka ce korona, yawancinmu kulle muke tunawa da zaman gida babu lakca. Akwai yaran da nasu ya fi namu zafi nesa ba kusa ba: almajirai, baƙi a garin da ba nasu ba.

2/ A Afrilun 2020 gwamnonin Arewa suka yi matsaya: kowace jiha ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka dinga loda yara a motoci ana tsallaka iyaka da su, a daidai lokacin da ake ce wa kowa ya zauna inda yake fa.

3/ Kaduna ta ce ta samu 65 ɗauke da cutar cikin waɗanda aka kawo mata daga Kano. Sai aka koma cacar baki, wa ya turo wa wa. Yara ƙanana sun zama kamar kayan da aka yi kuskuren adireshi.

4/ Ba cewa nake gwamnati ta naɗe hannu ba. Abincin almajiri a ƙofar gidajen mutane yake, da kasuwa da tasha. Duk an rufe, ga azumi ya kama. Dole a yi wani abu.

5/ Matsalata ita ce da wa aka yi aikin. Gwamnati na da mota, da kuɗi, da kayan gwaji. Abin da ba ta da shi shi ne sanin yaran. Sunan uban yaro da ƙauyensu, Alaramma ne ya sani. Tsangaya nawa ce a unguwa, mai unguwa ne ya sani.

6/ Sannan akwai wadda ba a taɓa sa ta a lissafi: uwar ɗaki. Matar da yaron ke yi wa wanke-wanke da aike, ta ajiye masa tuwo, ta ba shi sabulu. Ita ce ke fara lura yau bai zo ba, ko yana tari. Da ta hannun irin waɗannan matan da malaman aka bi da hatsin tallafi, a gwada yara a inda suke kafin a motsa su, wallahi da an rage ɓarna.

7/ Kuma ba sabon abu ba ne. Haka aka yaƙi shan inna: sarakuna, hakimai, masu unguwanni, da matan da ke shiga gida-gida. A Agustan 2020 ɗin nan aka ayyana Afirka ta rabu da cutar. Tsarin na nan a hannu.

8/ Na san wani zai ce ai wasu malaman ma ba su yarda akwai korona ba. Gaskiya ne. To a 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna ɗungurungum, kuma da zama da malamai da sarakuna aka shawo kan mutane, ba da motar ’yan sanda ba.

9/ Ba a jima ba yaran suka sake cika tituna, kowa shaida ne.

10/ A 2023 an kafa hukumar almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta ta ƙasa. Abin da nake so in gani a wajenta ba taro a otal ba ne. Rajista: kowace tsangaya, sunan yaro, garinsu, lambar wayar iyaye, kwafi ɗaya wajen Alaramma, ɗaya wajen mai unguwa, ɗaya a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. A unguwarku akwai wannan?