Sharhi: Wa ke cin ribar ƙwace gidaje a Amurka?

Adadin gidajen da bankuna ke ƙwacewa saboda gaza biyan bashi a Amurka ya sake hauhawa, tun bayan da dakatarwar da gwamnati ta yi lokacin annobar korona ta ƙare a watan Yulin 2021.

Tsadar rayuwa da kuɗin inshora sun matsa wa magidanta. Kuɗin ruwan bashin gida na shekara 30 ya tashi daga ƙasa da kashi 3 cikin 100 a 2021 zuwa kusan kashi 8 a Oktoban 2023, don haka wanda biya ya gagare shi ba zai samu sabon rance mai sauƙi ya rufe tsohon ba.

Lamarin bai kai ko kusa da na rikicin 2008 ba, amma abin da ya faru a wancan lokaci ya nuna inda ribar ke tafiya.

A shekarar 2010 kaɗai bankuna sun karɓe gidaje fiye da miliyan ɗaya, farashin gidaje kuma ya faɗi da sama da kashi ɗaya bisa huɗu a tsawon shekarun rikicin. Majalisar dokoki ta amince da dala biliyan 700 a Oktoban 2008 don ceto cibiyoyin kuɗi, yayin da tallafin da ya isa ga magidanta bai taka kara ya karya ba.

Da gidaje suka yi araha, bankuna sun tsaurara sharuɗɗan rance, sai saye ya gagari talaka. Masu kuɗi a hannu ne suka cika wuraren gwanjo. Kamfanin zuba jari na Blackstone ya kafa Invitation Homes a 2012, ya kashe kimanin dala biliyan 10 ya sayi gidaje kusan 50,000 a birane irin su Atlanta da Phoenix, ya zuba 'yan haya. Da farashi ya farfaɗo, ya sa kamfanin a kasuwar hannun jari a 2017, ya sayar da sauran kasonsa a 2019 da riba mai tsoka.

Ta haka iyalai da dama suka koma 'yan haya, kason masu zama a gidan kansu ya sauka daga kashi 69 cikin 100 a 2004 zuwa kimanin 63 a 2016.

Hukunci ya zo, amma a makare. A 2012 manyan masu ba da rance biyar suka amince da sulhun dala biliyan 25 kan sa hannu a takardun ƙwace gidaje ba tare da tantancewa ba. A 2024 Invitation Homes ya yarda ya biya dala miliyan 48 kan zargin ɓoye wa 'yan haya wasu kuɗaɗe.

Idan kasuwar ta sake faɗuwa, makomar magidanta za ta dogara ne kan ko hukumomi za su tilasta sassauta bashi kafin gida ya kai gwanjo. In ba haka ba, mai kuɗi a hannu ne zai sake kwashe gidajen.